Ɗigo Ɗaya Daga Titikaka

Shekara goma sha tara ina riƙe da alli
a makarantar tsibirin nan, tsakiyar tafkin Titikaka,
ina zana ƙwayar halitta a allo, da'ira da ɗigo a ciki,
yara su kwafa, in duba, in ba da maki.
Gani ya kori ji, haka nake ce musu kullum,
alhali ni ma ji kawai na yi.

Ban faɗa wa kowa ba.
Mai tuƙa jirgi ba ya cewa yana tsoron ruwa.

Ran Alhamis kwale-kwalen Eusebio ya iso daga Puno
da buhun albasa, da tukunyar gas, da mutum uku na jami'a.
Dakta Ilda Chambi ta sauko rungume da akwati
kamar mai jego ta fito da jariri cikin sanyin safiya.

Ɗalibinta Wilber, dogo, iska ta tsattsaga masa leɓe,
ya gaida yara da Sifaniyanci, suka sunkuyar da kai.
Sai ya juya harshe zuwa Aimara,
ya ce a tsibirin can na gaba aka binne cibiyarsa,
ya yi kiwon tumaki kafin ya san farar rigar ɗakin gwaji.
Kawuna suka ɗago ɗaya bayan ɗaya.

Babu lantarki ranar. Aka jawo tebur bakin taga,
aka karkata ɗan madubin na'urar ya tari rana.
Dakta ta ce a kawo ruwa.
Sisa Apaza, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a ajina ba,
ta ruga ta ɗebo a murfin kwalba
daga gindin ciyawar da uwarta ke wanke dankali.

Ɗigo ɗaya.
Ta kafa ido, ta daɗe, har na baya suka fara ƙorafi.
Ta ɗago ta ce, "Malam, akwai wani mai gashi yana iyo,
ya ci karo da wani kore, ya ja baya, ya sake hanya.
Yaya sunansa?"
Na buɗe baki. Shekara goma sha tara suka tsaya mini a wuya.
Wilber ya ce, "Zana shi tukuna, suna zai biyo baya."
Har yau ban sani ba ko ya gane ni ne,
ko rufin asiri ne ya zo da ƙafarsa.

Su talatin da huɗu suka bi layi.
Wani ya rantse ya daina shan ruwan tafki,
wata ta ce kakarta ta sha shekara tamanin, ga ta nan daram.

Da aka tashi, baƙi suka tafi cin kifi gidan shugaba,
na ce ni zan kulle aji.
Na kulle, amma daga ciki.
Na cire tabarau, na sunkuya kamar mai neman allura.
Duhu. Gashin idona. Sai haske ya buɗe.
Ga shi nan, ba da'ira ba ne, ba ya zama wuri ɗaya,
bai ma san na jima ina yi masa ƙarya ba.

Sun bar mana akwatin har ƙarshen zango,
za su riƙa zuwa duk Alhamis ta biyu, in iska ta bar jirgi.
Dakta ta rubuta sunan Sisa da wasu huɗu,
su kwana uku a jami'a lokacin hutu,
in an sami mai tsaron tumaki.
Ubanta bai ce e ba tukuna.
Ya dai tambayi kuɗin jirgi, sau biyu.

Jiya na goge tsohon zanen daga allo,
na ce wa aji, "Ni ma ranar na fara gani."
Ba wanda ya yi dariya.
Sisa ta miƙo mini littafinta,
shafi shida na masu gashi da masu wutsiya,
ƙarƙashin kowanne ta bar fili,
ta ce mu nemo sunayen tare.